Shafe Kan Shafe: Yadda Ake Sa Lokaci Da Zurfi Cikin Zane Marar Sura

Mai zana doki yana da dokin da zai duba. In ƙafa ta yi tsawo, ko yaro ya gani zai faɗa masa. Mai zane marar sura, wato zanen da ba ya kwaikwayon mutum ko dabba ko gida, ba shi da wannan gatan. Launi ne kawai a hannunsa, sai layi, sai kaurin fenti, kuma da su ake son ya sa mai kallo ya ji cewa wani abu ya riga wani zuwa, wani wuri kuma ya fi wani nisa. Hanyar da na fi amincewa da ita wajen yin haka ita ce a gina zanen hawa-hawa: a shafa, a jira, a rufe, a kankare, a sake shafawa.

Ƙa'idar aikin guda ce. Duk shafen da ka yi, dole ya canza na ƙasansa, kuma dole ya bar shaidar cewa akwai wani abu a ƙasan. In ka rufe shi ruf, ka yi asarar fenti. In ba ka taɓa shi ba, jera launuka kawai ka yi gefe da gefe. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san abin da nake nufi. Allon da aka daɗe ana rubutawa ana wankewa ba ya komawa fari, inuwar tsofaffin darussa tana nan a jikin itacen ƙarƙashin sabuwar tawada, shi ya sa da kallo ɗaya kake bambanta allon ƙolo da na gardi. Irin wannan shekarun ake son zanenka ya nuna.

Manyan masu zane sun bi wannan hanya kowa da salonsa. Mark Rothko a Amurka, cikin shekarun 1950, yakan tsinka fenti ya yi ruwa-ruwa ya yi ta ɗora shi, har launin ya zama kamar daga ciki yake haskowa. Gerhard Richter na Jamus yakan labta fenti mai kauri ya ja doguwar makankara a kai, sabo ya yage, tsoho ya leƙo. Julie Mehretu, wadda aka haifa a Adis Ababa a 1970, takan fara da taswirori da zanen gine-gine, ta lulluɓe su da shafe mai garai-garai, ta goge ya yi sumul, sannan ta yi sabon zane a kai. Mu nan Sakkwato idonmu ba baƙo ba ne ga ado marar sura, tun daga zayyanar allo zuwa aikin dukawa da aska takwas ta wuyan riga. Kuma ga wanda ke ɗari-ɗari da zana mai rai saboda addini, nan fili ne da zai sake.

Ka zaɓi wuri guda, ka raba shi lokaci-lokaci

Kada ka tunkari farin kanbas, wato yadin da ake zane a kai, da niyyar zana "lokaci" haka kawai, za ka ƙare da damammen launi. Zaɓi wurin da ka sani da ƙafarka, wanda ka gani a yanayi daban-daban. Ni zan yi misali da fadamar Kwalkwalawa, wadda kowane ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya ratsa ta har ya gaji. A Agusta da Satumba Gulbin Rima yakan cika ya bazu, wata shekarar ma ya wuce gona da iri, kamar ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'ar. Ruwa ya janye ya bar laka tana tsattsagewa. Masu noman rani su ja fangali, wuri ya yi kore shar. Hunturu ya kawo hazo ya dusashe komai. Bazara ta zo ta ƙone abin da ya rage.

Lokuta biyar ke nan a fili ɗaya. Ɗauki takarda ka ba kowane ɗaya abu uku: launinsa, kaurinsa, da irin motsin hannun da ya dace da shi. Ambaliya ruwa-ruwa ce, kwarara take yi. Tsagewar laka layi ne siriri mai karyewa. Fangali yana da baki miƙaƙƙe. Hazo fari ne marar nauyi. Bazara kuwa ɗebewa take yi, don haka kankara ce aikinta. Ba gulbi za ka zana ba, kuma ba wanda zai ga albasa a ciki. Jerin faruwar abubuwan kake aro. Wani zai iya ɗaukar bangon wani tsohon gida a cikin gari, wajen Ƙofar Rini ko Ƙofar Taramniya, inda yaɓen ƙasa da siminti da fenti da takardun 'yan siyasa suka hau kan juna. Duk ɗaya ne.

Kayan aiki

Fentin akirilik ya fi dacewa, saboda yana bushewa da wuri kuma in ya bushe ruwa ba ya tayar da shi. Launi huɗu sun isa: shuɗi, ja mai ƙasa-ƙasa, ruwan ɗorawa, da fari mai yawa, don farin ne zai fara ƙarewa. Baƙi za ka samu daga gawayi. Ka nemi kuma ruwan haɗi na akirilik marar launi, wanda masu sayar da kayan zane ke kira midiyom. Ba kullum ake samunsa a gari ba, wani lokaci sai an aiko daga Kano ko Kaduna ko Legas, amma ya cancanci jira, domin shi ne ke ba ka shafe mai garai-garai. Sauran kayan na gida ne: faffaɗan buroshi na masu fentin ɗaki, ƙarami guda, soso, tsumma, tsohon katin ATM, samfefa mai laushi da mai kaushi, salatef na takarda, da kwalbar feshin ruwa.

Abin da za a yi zanen a kai ya zama mai jure wahala, tunda za a kankare shi a goge shi. Na fi son fale-falen katako irin wanda kafintoci ke yin bayan kabad da shi, a manna masa akoko da gam, fiye da kanbas da aka ɗaure a firam wanda ke lotsawa in an danna. Ka sa kafinta ya yanka maka guda uku, kamar santimita 40 da 50. Uku, saboda yayin da ɗaya ke bushewa hannunka yana kan wani, kuma ba za ka ƙwallafa rai a kan guda har ka ji tsoron taɓa shi ba.

Shimfiɗar fari ta ƙasa, in ba ka da jeso, wato farin shimfiɗa na kanti, haɗa farin fentin ruwa na bango kashi uku da gam ɗin kafinta irin Top Bond kashi ɗaya. Ɗaliban zane a Najeriya sun daɗe suna haka. Shafa sau biyu, na farko a tsaye, na biyu a kwance, ka shafa bayan katakon ma don kada ya tanƙware. Fentin mai kuwa kada ya kusanci wurin. Akirilik ba ya kama jikin mai, ɓawo zai yi ya faɗo. Akasin haka yana yiwuwa, wato fentin mai a kan busasshen akirilik, amma sai a ƙarshen aiki.

Launi daga ƙasar wurin

Nan ne zanen ɗan Sakkwato zai iya bambanta da na kowa, don haka bari in daɗe kaɗan. Jar ƙasarmu ƙarfe ne ya ba ta launinta, kuma irin wannan launin ba ya gudun rana. Ɗebo ta, ka jiƙa a kwano ta kwana. Da safe ka dama sosai, ka dakata kamar minti ɗaya yashi ya kwanta, sannan ka tsiyaye jan ruwan sama cikin wani kwanon. Bar shi ya natsu har ruwan ya yi garau, zubar da ruwan a hankali, shanya lakar da ta rage, ka niƙa, ka tankaɗe da tsumma mai laushi. Garin da ka samu, ka kwaɓa shi da midiyom, ya zama fenti. Haka za ka yi da farar ƙasa, da lakar fadama mai toka-toka, da gawayi. In fadamar kake zanawa, to ga ƙasar fadamar a cikin zanen.

Launin tsiro labarinsa daban. In ka je wurin dukawa ka ce, "Baba, a taimaka mini da karan dafi," kada ka yi mamaki in ya dube ka ya ce, "Hwata za ka rinawa ko magani za ka yi, ɗana?" Jan karan dafi kyakkyawa ne, haka na zoɓo, amma hasken rana yana cin su, zoɓo ma cikin ɗan lokaci yake komawa toka-toka. Wasu za su ce a guje su. Ni ina ganin wanda ke zanen lokaci yana iya sa su da gangan a wani lungu, ya san cewa nan da shekara wurin zai kwanta, jar ƙasar gefensa kuma tana nan daram. Sharaɗi dai, in za ka sayar, ka gaya wa mai saye. Baƙin da ake samu daga bagaruwa da tsatsar ƙarfe shi ma yana da kyau, sai dai yana cin takarda a hankali, don haka a kan katako za ka sa shi.

Tawadar allo da duk abin da aka kwaɓa da ƙaro suna narkewa in ruwa ya taɓa su, ko bayan shekara. Ka riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba.

Hawa na farko da na biyu

Kwantar da katakon a ƙasa, fesa masa ruwa, ka zuba launin laka da ka tsinka. Ɗaga gefe guda ya gangara, juya, bar shi ya taru inda ya so. Kada ka gyara. Wajen tsinkawa ka haɗa ruwa da midiyom, domin in ruwa ya yi yawa gam ɗin da ke riƙe launin yakan yi rauni, shafe na gaba ya kwashe shi. Ka bar wasu wurare farare.

In ya bushe, sai layi. Ɗauki gawayi ko alƙalamin kara da tawada, ka ja layuka masu karyewa, wasu a cunkushe, wasu a warwatse. Ka riƙe alƙalamin daga can ƙarshensa don hannu ya rage iko. Layin da kake son ya tsaya, ka ɗora masa midiyom da tattausan buroshi, ja ɗaya tak ba komowa. Wanda ka bari haka nan zai jiƙe ya baje a shafe na gaba, kuma ana son hakan a wasu wuraren.

Wannan ne kuma lokacin manna abubuwa, in kana so: guntun saƙi, zaren buhu, tsohon rasit. Ka duba kowace takarda gaba da baya kafin ka manna. Wadda ke ɗauke da aya ko sunan Allah, ko da jarida ce, ba a yin wannan aikin da ita, don za a shafe ta a kankare ta. Jarida ma dai rawaya take yi ta rube.

Rufewa, inda mafi yawa ke tsayawa

Zuwa yanzu wani lungu zai yi kyau, kuma daga nan matsala ke farawa. Mai zane ya ga wurin, ya ƙi taɓa shi, ya yi ta kewaye shi, har sauran zanen ya zama bawan wannan lungun. Ɗauki hotonsa da waya, sannan ka rufe. Hawa na uku ya kamata ya ci kamar rabin abin da ke ƙasa, da fenti mai kauri wanda ba a gani ta cikinsa. A misalinmu fangali ne: manna salatef, ka fitar da siffofi masu miƙaƙƙen baki, ka cika su da koren da ka haɗa daga shuɗi da ruwan ɗorawa, ka cire salatef ɗin tun fentin bai gama bushewa ba. Kada su zo girma ɗaya. Babba guda, matsakaita biyu, ƙanana can gefe, wani ma bakin katakon ya yanke shi, don ido ya ɗauka filin ya ci gaba a waje.

Ga wata dabara da ƙaro. Kafin ka rufe, shafa ruwan ƙaro mai kauri a wuraren da kake son su dawo, ka bari ya bushe. Ɗora siririn fenti a kai. In ya sha iska, goga da jiƙaƙƙen soso: ƙaron zai narke ya tafi da fentin da ke kansa, tsohon hawa ya fito da baki mai yagewa wanda buroshi ba zai iya kwaikwaya ba.

Yadda zurfi ke samuwa

Ka tsaya bisa gadar Kwalkwalawa da safe a watan Janairu ka dubi itatuwa. Na kusa duhu ne, kana ganin kowane reshe. Na bayansa ya yi toka-toka, rassan sun haɗe. Na can ƙarshe ba ka iya cewa ga inda ya ƙare ga inda sama ta fara. Hazo ya koya maka duk abin da kake bukata: abin da ke nesa yana rasa duhunsa, yana rasa kaifin bakinsa, yana rasa ƙarfin launinsa. Ƙara da abu biyu. Abin da ya hau kan wani, shi ne a gaba. Ja da ruwan ɗorawa sukan matso, shuɗi da toka-toka sukan ja baya.

To haɗa fari kaɗan da midiyom mai yawa da ɗigon jar ƙasa, har ya yi kamar ruwan koko marar kauri. Shafa shi a kan sashen da kake son ya nisanta, ka bi da tsumma ka sassauta bakinsa. Sau ɗaya zai tura wurin baya kaɗan, sau uku zai kai shi can. Kada ka bi ko'ina da shi daidai wa daida, in ka yi haka komai ya nisanta tare kuma zurfin ya ɓace. Sai an bar wani wuri da duhunsa da kaifinsa sannan hazon ke aiki. Ka tuna midiyom fari-fari yake in yana jiƙe, sai ya bushe yake washewa, launin akirilik kuma yakan ƙara duhu bayan bushewa. Kada ka yanke hukunci a kan jiƙaƙƙen shafe.

Kankara

Iri biyu ce. Ta jiƙe: labta fenti mai kauri, ka sa ido har ƙyallinsa ya fara mutuwa, sannan ka kwantar da katin ATM ka ja shi da ƙarfi, ja ɗaya. Za ka ji yana tsalle a kan tudun da zare da busasshen fenti suka yi, yana barin sabon launi a kwari yana tone tsoho a tudu. Goge katin kafin ja na biyu. Ta bushe kuwa da samfefa ake yi, bayan aikin ya kwana. Fara da mai laushi, ka jiƙa ta, don ƙurar fenti ba abin shaƙa ba ce, in kuma a bushe za ka goga to ka sa takunkumi. Ka tona wuri ɗaya ko biyu har shimfiɗar fari ta ƙasa, sauran ka tsaya a tsakiya. Sifirit na kemis a jikin tsumma yana tausasa busasshen akirilik, yana ba da gogewa mai laushi fiye da samfefa.

Daga nan jerin ya ƙare, sai kai da zanen. Kana iya komawa layi, ka sake rufewa, ka sake hazo. Hawa bakwai ko goma ba su yi yawa ba muddin kowane yana barin shaida.

Zafi, ƙura da taɓo

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, akirilik yakan bushe a bakin buroshi. Yi aiki bayan asuba ko da dare, kashe fanka lokacin shafawa, ka matsa fenti kaɗan-kaɗan a kan faranti da aka shimfiɗa wa jiƙaƙƙen tsumma da takarda. Kada ka shanya zane a rana don sauri: sama zai yi fata ciki na danye, mai kauri ya tsage. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, ka jingina shi fuska na kallon bango, ko ka kifa masa kwali. Da damina bushewa takan yi jinkiri, ka taɓa da bayan hannu, in da sanyi-sanyi bai yi ba.

Taɓo kuwa, wato launin nan marar suna da ke kashe zane, daga gaggawa yake zuwa. Ja da kore, ko shuɗi da ruwan lemo, in suka haɗu a jiƙe laka suke zama. In ɗaya ya bushe aka ɗora ɗayan siriri a kai, sai su ba da launi mai rai. In taɓon ya riga ya faru, bar shi ya bushe, rufe mafi yawansa da fari mai kauri, ka bar ɗan yanki. Kusa da launi mai haske, taɓo kan yi kyau ƙwarai.

Sanin lokacin tsayawa

Jingina zanen, ka koma baya taku goma. Ɗauki hotonsa ka mayar da shi baƙi da fari a waya: in duk ya zama toka ɗaya, yana bukatar wuri mai duhu sosai da wuri mai haske sosai. Juya shi ƙasa a sama ka ga ko wani gefe ya fi nauyi. Sannan ka kira wanda bai san komai game da zane ba, ƙanwarka ko maƙwabci, ka yi masa tambaya biyu: wane launi aka fara sawa, kuma ina ne ya fi nisa? In ya nuna da yatsa ba tare da dogon tunani ba, aikin ya yi. In ya ce duk ɗaya yake gani, da saura. Tambayar "mene ne wannan?" kuwa za ka sha ta, amsarta sunan wurin kawai.

In ka gamsu, ka ba shi kamar mako biyu ya bushe har ciki. Shafa midiyom zalla sau ɗaya don ya ɗaure gawayi da garin ƙasa, sannan banish na akirilik, marar ƙyalli in kana son hazon ya zauna yadda yake, don mai ƙyalli yana ƙara wa launi duhu. In ka gama da fentin mai a sama, banish sai bayan wata shida. A bayan katakon rubuta sunanka, ranar farawa da ta gamawa, kayan da ka yi amfani da su, da inda ka ɗebo ƙasar. Wajen ajiya, kada ka haɗa zane biyu fuska da fuska, domin akirilik yana laushi da zafi sai su manne, kada ka bar shi a but ɗin mota da rana, kuma ka ɗaga shi daga ƙasa a kan bulo saboda gara.